Rutin ɗin Wayar Hannu: Fa'idarsa, Iyakarsa, da Abin da Ya Kamaci Mai Hankali

Daga cikin mas'alolin da zamanin nan ya zo mana da su, waɗanda magabata ba su riske su ba balle su bar mana bayani a kansu, akwai wata wadda samari masu sha'awar na'ura suka daɗe suna muhawara a kanta a rumfunan gyaran waya da majalisun dare, watau ko ya dace mutum ya yi wa wayarsa abin nan da ake kira rutin, ko kuwa ya bar ta yadda kamfani ya miƙo masa ita. Wanda ya ji maganar daga nesa zai ɗauke ta wasan yara. Amma wanda ya tsaya ya yi nazari zai tarar a ƙarƙashinta akwai tambaya mai nauyi, irin wadda malaman fiƙihu da kansu ba za su raina ba: shin wanda ya ƙirga kuɗinsa ya sayi abu, har ciniki ya faɗa, yana da cikakken ikon tasarrufi a cikin abin, ko kuwa mai sayarwa yana da haƙƙin ya riƙe wani sashe na ikon a hannunsa, bisa hujjar cewa yin haka shi ne maslahar mai saye?

Asalin al'amarin

Babbar manhajar Android, wadda ke tafiyar da mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a daga Kano har Damagaram, an gina ta ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi kuwa ya bi tafarkin Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙago a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka tun 1969. Da yake a zamaninsu na'ura guda ce mutane da yawa ke tarayya a kanta, sai suka shimfiɗa ƙa'ida cewa kowane mai aiki yana da haddin da ba zai ƙetare ba, in ban da mutum guda, mai kula da na'urar, wanda aka danƙa wa iko maras iyaka: ya karanta abin da ya so, ya share abin da ya so, ya sauya abin da ya so, ba mai tambayarsa dalili. Asusun wannan mai kula shi ake kira rut, rutin kuwa shi ne mai waya ya karɓi wannan matsayi ya riƙe da kansa.

Sa'ad da Google ya sayi kamfanin Android a 2005, maginan manhajar sun ɗauki waccan tsohuwar ƙa'ida suka yi wata hikima da ita, suka mai da kowace manhaja tamkar mai rumfa a kasuwa: tana da rumfarta da kwaɗonta, ba ta leƙa ta maƙwabciya, ba ta taɓa kayan kowa sai da izini. Mabuɗin da ke buɗe dukan rumfunan kuwa ba su ba kowa shi ba, har da wanda ya sayi wayar. A kan wannan hani ne jayayyar ta ginu tun daga ranar farko. Wayar Android ta fari, HTC Dream, ta shiga kasuwar Amurka a watan Oktoba na 2008, kuma cikin 'yan makonni aka gano wani kuskure mai ban mamaki a cikinta: duk abin da mutum ya rubuta da madannanta, wayar tana karɓarsa a ɓoye a matsayin umarni daga mai cikakken iko, har ya zamana wanda ya rubuta kalmar sake kunnawa a tsakiyar saƙo sai ya ga wayarsa ta mutu ta tashi. Kamfani ya yi maza ya toshe kafar, amma masu bincike sun riga sun ɗanɗani ikon, ba su kuwa sake haƙura da shi ba. A 2009 Steve Kondik ya fito da CyanogenMod, cikakkiyar manhajar Android da masu sa-kai suka gyara. A 2012 aka sami SuperSU, mai tsayawa tsakanin manhajoji da ikon rut yana neman yardar mai waya. A 2016 kuma John Wu, ɗan Taiwan, ya fito da Magisk, wanda har yau shi ne babbar hanyar masu wannan aiki.

Abin da ake samu

Fa'ida ta farko, wadda ita ce ta ja akasarin mutane, ita ce raba waya da manhajojin da aka cusa mata tun daga masana'anta. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar waya mai memorin giga 4 ko 8 ya san wannan takaici: kusan rabin wurin ya riga ya tafi ga wasanni da kasuwannin manhaja da masu kawo labarai waɗanda bai roƙa ba, bai taɓa buɗe su ba, alhali kuwa suna shan batir, suna cin data a asirce, suna jefo talla a fuskar waya, in ya je zai share su ya tarar ba a ba shi wannan zaɓi ba, in kuwa ya zo sauke wadda yake bukata wayar ta ce masa wuri ya ƙare. Mai rutin yana tumɓuke su baki ɗaya, yana iya mai da manhajojinsa kan katin memori da taimakon irin su Link2SD, yana toshe hanyoyin talla da AdAway, yana hana duk manhajar da ya ga dama taɓa intanet, yana kuma ajiye kwafin kowace manhaja da dukan abin da ke cikinta ta hanyar Titanium Backup. Ga talakan da ke sayen data da ƙyar, wannan tanadi ne na haƙiƙa.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko girma, ita ce tsawaita ran waya. Sau da yawa ƙarfen wayar lafiya lau yake, gilashi bai fashe ba, batir bai kumbura ba, amma kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata sabuntawa, sannu a hankali manhajoji su fara ƙin sauka a kanta, har a wayi gari mai ita ya jefa ta cikin akwati. Wanda ya buɗe wayarsa yana iya ɗora mata sabuwar Android daga hannun masu sa-kai, irin LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod bayan kamfaninta ya rufe aikin a ƙarshen 2016, sai wayar da aka yanke ƙauna da ita ta ƙara shekaru tana aiki. Ɗora sabuwar manhaja da rutin ayyuka biyu ne a wurin masana, amma ƙofarsu ɗaya ce, kuma wanda ya hana ɗaya ya hana ɗayan.

Masu karatun Arabiyya ma suna da abin tunawa a nan. Wayoyin Android na farko-farko ba su iya haɗa haruffan Larabci ba, sai su jero su a rarrabe, kowane harafi shi kaɗai, ta yadda aya ko addu'ar da aka aiko wa mutum takan zama abin wahalar karantawa. Kuma kafin kamfani ya gyara wannan aibi, masu rutin ne suka riƙa sauya fayilolin cikin waya da hannunsu domin rubutun ya fito yadda ya kamata. Bayan wannan duka akwai fa'idar ilmi, wadda ba a iya kimanta ta da kuɗi: yara da yawa da suka zama gwanayen gyara ko marubutan manhaja sun fara ne daga ranar da suka kutsa cikin wayarsu suka ga yadda aka jera kayan cikinta.

Zamanin da rutin ya yi tashe a ƙasarmu

A ƙasar Hausa rutin ya yi tashensa ne wajen 2013 zuwa 2016, lokacin da wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suka cika kasuwa, akasarinsu kuwa da ƙwaƙwalwar MediaTek suke aiki, wadda buɗe ta ba shi da wuya a wancan lokaci. Yaro ya sauke Framaroot ko KingRoot, ya danna maɓalli guda, ya jira 'yan mintoci, shi ke nan an gama. Amma a wannan zamani ne kuma aka ga yadda ake karkatar da ikon zuwa abin da bai halatta ba, domin wasu sun riƙa sauya lambar IMEI, watau lambar shaida mai alƙaluma 15 da kowace waya ke ɗauke da ita, su sa ta BlackBerry, don kamfanin sadarwa ya sayar musu da data a farashin da ya keɓe wa masu waccan waya. Wannan algus ne ko da an sa masa sunan wayo, kuma ita ce dai dabarar da ɓarawo ke bi ya ɓatar da sawun wayar sata. Saboda haka ne Birtaniya ta kafa doka tun 2002 wadda ta mai da sauya wannan lamba laifi.

Yau hanyar maɓalli guda ta toshe. Wanda ya nufi yin rutin a sabuwar waya sai ya shiga saitin, ya nemo layin da ke nuna lambar ginin manhaja, ya taɓa shi sau bakwai har ɓoyayyen sashen magina ya bayyana, ya kunna izinin buɗewa, sa'an nan ya haɗa wayar da kwamfuta da kebul ya buɗe butloda, watau ƙaramar manhajar da ke fara farkawa in an kunna waya, wadda aikinta shi ne ta duba hatimin kamfani a kan babbar manhaja kafin ta ba ta izinin tashi. A daidai wannan gaɓa wayar za ta nuna gargaɗi, in ya amince kuwa sai ta share duk abin da ke cikinta, hotuna da saƙonni da lambobin mutane, ta koma kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Daga nan kuma duk sa'ad da aka kunna ta sai ta fara da shelar cewa an buɗe ta, ba za ta iya tabbatar da ingancin manhajar da ke kanta ba.

Abin da ake rasawa

Illa ta farko ita ce wadda masu gyara suka fi kowa sani. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya zauna gaban teburin mai falashin, zai ga yadda al'amarin yake ƙarewa in aka yi kuskure: ga waya an kawo ta tsaya a logo, tana nuna tambarin kamfani ta ɗauke, ta sake nunawa ta ɗauke, ba ta gaba ba ta baya. Mai gyara ya kashe ta, ya buɗe SP Flash Tool a kwamfutarsa, ya zaɓi fayil, ya soka kebul, idonsa da na mai waya duk suna kan ƙasan allo, inda jan layi ke fara gudu, rawaya ya biyo baya, ana jiran koren maki mai nuna an gama lafiya. In fayil ɗin na ainihin samfurin wayar ne, ta tashi. In kuwa an ɗauko na 'yar'uwarta mai kama da ita, tana iya tashi da farin allo, ko ta ƙi jin taɓi, ko ta mutu murus. Wani lokaci ma ta tashi sumul amma ta daina ganin layi, domin an share sashen da lambar IMEI ke zaune a ciki. Garin neman gira ke nan an rasa ido, kuma galibin kamfanoni ba sa karɓar irin wannan waya a ƙarƙashin garanti.

Illa ta biyu ta fi wannan haɗari domin ba a ganinta. Ikon da mai waya ya karɓa, duk manhajar da ya yarje wa ta karɓe shi tare da shi, kuma yarda guda da aka bayar cikin gafala ta isa a karanta saƙonnin banki, a kwashe lambobin sirri, a saurari magana, a dasa abin da ko fomat ba ya fitar da shi. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana wata muguwar manhaja mai suna Gooligan, wadda ke shiga tsofaffin wayoyi ta hanyar manhajojin da aka sauke daga kasuwannin bayan fage, ta yi wa wayar rutin da kanta ba da sanin mai ita ba, har ta kai ga asusun Google sama da miliyan 1. Abin lura shi ne, kafofin rauni irin waɗanda ta bi su ne manhajojin maɓalli guda suke bi, su kuwa da yawansu an rufe rubutunsu, ba mai iya duba abin da suke aikatawa bayan sun sami iko.

Illa ta uku ita ce wadda ta sauya hukuncin mas'alar baki ɗaya. A da waya abin kira ce da hira. Yau kuwa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya karɓar tiransifa, waya ta zama ma'ajiyar dukiya, ta zama shaidar mutum, layin da ke cikinta an ɗaure shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, asusunsa an ɗaure shi da lambar shaidar banki ta BVN. Shi kuwa Google ya riga ya tanadar wa bankuna da sauran masu manhaja hanyar tambayar waya ko an taɓa ta, da farko ta SafetyNet, daga baya ta Play Integrity, kuma manhajojin kuɗi da yawa in suka ji amsar ba ta gamsar ba sai su ƙi buɗewa. Masu rutin suna ɓoyewa, Google yana tonowa, kowane wata da sabuwar dabara da sabon toshi; John Wu da kansa ya kama aiki a sashen tsaron Android na Google a 2021, kuma a farkon 2022 ya cire sashen ɓoyewa daga Magisk. Samsung kuwa ya wuce nan: a cikin wayoyinsa akwai wani ɗan fis na tsarin Knox wanda ke ƙonewa da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, lambarsa ta juya daga 0x0 zuwa 0x1, ba ta kuwa komawa har abada, ko an mai da wayar yadda take, daga ranar ma'ajiyar sirri ta Secure Folder da tsarin biyan kuɗinsu sun rufe ke nan. A kan wannan duka, sabuntawar da ke zuwa da kanta takan daina sauka, ko ta sauka ta rushe aikin, sai mutum ya koma yana yi da hannu.

A daidai lokacin da farashin ke hawa, ribar kuma raguwa take yi, domin abubuwa da yawa da a da sai da rutin ake samu yanzu suna cikin kowace waya. Raba intanet da wata na'ura ya shigo a 2010, ɗaukar hoton fuskar waya da dakatar da manhajojin kamfani a 2011, ikon hana manhaja taɓa kyamara ko lambobin mutane a 2015, ɗaukar bidiyon allo a 2020. Har ma manhajojin da aka cusa, ana iya kawar da mafi yawansu daga gaban mai waya ta hanyar kwamfuta da kebul ba tare da an buɗe komai ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Haƙƙin da bai faɗi ba

Amma fa kada a fahimci wannan bayani a matsayin wanke kamfanoni, domin ƙorafin da ya haifi rutin yana nan da ransa. Huawei ya daina ba da lambobin buɗe wayoyinsa a 2018. Xiaomi ya daɗe yana sa mai nema ya yi rajista ya jira kwana bakwai, daga baya ma ya ƙara tsananta sharuɗɗa. Google da Samsung sun yi alkawarin sabuntawa ta shekara 7 ga Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024, abin yabo ne, sai dai waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Galibin wayoyin da ɗan acaba da malamin firamare ke iya saye ba sa samun ko kusa da haka. Kuma kulle waya bai taɓa zama lamunin tsarkinta ba: a 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun muguwar manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Masar da Ghana da Kamaru, tana nan tun kafin a sayar da su, tana sa mutane cikin rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba, Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Wanda ya riƙe mabuɗi da sunan kare mai saye, wajibi ne a kansa ya cika amanar: ya tsarkake abin da ya sayar, ya ci gaba da sabunta shi, in kuwa ya gaji ya miƙa mabuɗin ga mai kaya. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta Amurka ma tun 2010 ta yarda cewa mai waya bai yi laifi ba in ya buɗe ta don ya sa manhajar da ya mallaka ta halal.

Hukunci

To, in aka ɗora maslaha da mafsada a kan ma'auni, malaman usulu sun riga sun koya mana cewa tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da jawo amfani. Wayar da kuɗinka ke ciki, da sirrin iyalinka, da saƙonnin mutanen da suka amince maka, kada ka yi mata rutin, kada kuma ka miƙa ta ga wanda ya ce zai yi maka shi a kan 'yan kuɗi kaɗan, domin ikon da zai buɗe ba ka san wa zai bar wa shi ba. Ɗalibin da ke neman ilmi kuwa, ya nemi tsohuwar wayar da ba layi a cikinta ba asusu, ya kwashe abin da ke ciki, ya tabbatar da lambar samfurinta, ya tanadi manhajarta ta asali kafin ya taɓa komai, sa'an nan ya buɗe ta ya koya iyakar iyawarsa. Wannan abin ƙarfafawa ne, kuma ƙasarmu tana bukatar irinsu da yawa. Mai sayar da wayar hannu-biyu wadda aka taɓa buɗewa, ya sani wannan aibi ne da shari'a ta wajabta masa bayyanawa, ɓoye shi ha'inci ne; mai saye kuma ya kashe wayar ya kunna a gaban mai ita ya ga ko za ta nuna gargaɗi, ya gwada manhajar bankinsa a kanta kafin ya biya. Daga ƙarshe, ya kai mai karatu, ranar da za ka sayi sabuwar waya, bayan ka tambayi girman memori da kyan kyamara, ka ƙara da tambayar shekara nawa kamfanin ya ɗauki alkawarin sabunta ta, ka kuma fifita wanda ya amsa maka a fili, domin kamfani ba ya gyara halinsa sai ya ga masu saye sun san haƙƙinsu.